Shaidar da Ban Taɓa Bayarwa a Gaban Ikilisiya Ba

A majami'armu, Lahadin ƙarshen wata ake ba da filin shaida. Mai jagorar sujada zai ce duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu ya fito, amma kada ya wuce minti uku. Sai ka ga an jeru. Wannan ta haihu bayan shekara tara tana jira, wancan motarsu ta ƙwace a hanyar Kachia amma ko ƙwarzane bai yi ba, wani kuma ɗansa ya samu gurbin karatu. Kowace shaida tafiyarta ɗaya: dā ina cikin wahala, na yi kuka ga Ubangiji, ya fitar da ni. A tafa, mata su rangaɗa guɗa, a tayar da waƙa. Ni kuwa ina zaune a benci na uku ta wajen maza, ina tafi da gaskiya, don ina murna da su. Shekarata arba'in da biyar, tun ina ɗan sha huɗu nake roƙon abu guda, kuma har yau ba a ba ni ba. Irin wannan shaidar ba ta shiga minti uku, ba kuma a yi mata guɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ni namiji ne da zuciyarsa ke karkata ga maza. Ban taɓa jin sha'awar mace ba, ko sau ɗaya, ko a mafarki. Ni kuma mai bin Yesu Almasihu ne, kuma bisa ga yadda na fahimci Littafi Mai Tsarki, na ɗauki alkawarin zama ba aure, ba kwanciya da kowa, har ranar da za a kai ni makwanci. Ba zan faɗi sunana ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san dalili.

An haife ni a 1980 a wani ƙauye na Hausawa masu bi a ƙasar Zazzau. Mutane da yawa har yanzu mamaki suke in sun ji Bahaushe Kirista, alhali tun zamanin Dokta Miller, Baturen mishan, da mutanen Wusasa muke nan, kuma Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Babanmu mai bishara ne, keke gare shi da jakar fata, yana zaga ƙauyuka. Innarmu kuwa ginshiƙi ce a Zumuntar Mata, ita ke buga tulu in ana waƙa. Da Hausa na koyi addu'a, da ita na haddace Zabura ta 23, da ita kuma na fara jin kalmar da ta zame mini ƙaya. Wani baƙon mai wa'azi ne ya zo taron farkawa, ya ɗauko labarin Saduma da Gwamrata, ya ce 'yan luwaɗi ko kare ya fi su, don kare ya san macensa. Jama'a suka yi dariya. Ni ma na yi. A lokacin ban san da ni ake ba.

A makarantar kwana na gane. Ba wani abu ne ya faru ba, kuma ina so a ji wannan da kyau, domin mutanenmu sun riƙe cewa sai an lalata yaro yake zama haka. Ba wanda ya taɓa ni. Abin da ya faru kawai shi ne, in dare ya yi a ɗakin kwana samari suna hirar 'yan matan makarantar da ke tsallaken titi, ni sai in ji kamar ana labarin wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Amma akwai wani ɗan ajinmu mai tsaron gida a ƙwallo, in ya dafa kafaɗata sai gabana ya faɗi, in yini ina tuna wurin da hannunsa ya taɓa. Ban yi kama da abin da mutane ke nufi in sun ce ɗan daudu ba. Ina noma, ina buga baya a ƙwallo, muryata kakkaura ce. Ba wanda ya zarge ni, sai na zama ni ne ɗan sandan kaina.

Daga nan har na gama jami'a a Zariya, babu irin addu'ar da ban yi ba. A ƙungiyar ɗalibai masu bi ta FCS ana kirana ɗan azumi, ana nuna ni ga ƙanana a ce su yi koyi da ni. Ba su san abin da ke kora ni ba. Na yi azumin kwana uku ba ci ba sha, na yi na bakwai da ruwa kaɗai har na faɗi a layin ɗibar ruwa. Kowace shekara daren 31 ga Disamba, in an ce kowa ya rubuta roƙonsa a takarda ya kawo gaba, abu ɗaya nake rubutawa, in dunƙule shi cikin kalmomin da ko an buɗe ba za a gane ba: Ubangiji, ka mai da ni kamar sauran.

Sau ɗaya na je wajen masu addu'ar kuɓutarwa, irin majami'un nan da suka cika gari a shekarun 2000. Ban iya faɗa wa mai addu'ar gaskiya ba, na ce masa dai ba na jin sha'awar aure. Ya kalle ni, ya rufe ido, ya ce an nuna masa: aljana ce ta aure ni a cikin ruwa. Aka sa na sayi kwalbar man zaitun. Mutum huɗu suka kewaye ni, ɗaya ya riƙe kaina yana juyawa, suna ihu a kunnena, fita, fita. Man ya gangaro ya shiga idona yana yaji. Da na ga ba za su bari ba sai an ga alama, sai na saki jiki na faɗi ƙasa. Suka yi ta halleluya. Na tashi na karkaɗe wandona, na hau acaɓa na koma ɗaki, rigata duk maiƙo. A hanya na lura idona na kan wuyan ɗan acaɓan. Na yi dariya, daga nan kuma kuka ya zo.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, in ba haka ba shaidar ta zama ta ƙarya. Bayan bautar ƙasa, da na fara koyar da lissafi a Kaduna, na haɗu da wani. Shekara biyu muka yi, daga 2005 zuwa 2007. Masu wa'azi suna son a ce irin wannan zama ƙazanta ce zalla, babu komai ciki sai jiki. Ni na zauna a ciki, kuma ba haka na gani ba. Mutum ne mai kirki. Da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni, shi ya yi ta dama mini kunu yana wanke mini kaya. Shi ne mutum na farko da ya san ni duka bai kuma gudu ba. Amma duk tsawon shekarun nan biyu ban ci Jibin Ubangiji ba. In an zo miƙa gurasa sai in sunkuyar da kai, tiren ya wuce. Na karanta duk abin da na samu na masu cewa ayoyin nan ba haka ake fassara su ba, cewa Bulus wani abu dabam yake nufi a Romawa sura 1 da 1 Korintiyawa sura 6. Na so ƙwarai su gamsar da ni. Wa zai ƙi? Amma in na koma Farawa sura 2, na zo Matiyu sura 19 inda Yesu da bakinsa ya maimaita maganar namiji da tamace, sai in ga ba zan iya sa Littafin ya faɗi abin da nake so ya faɗa ba. Na san akwai masu bi da suka karanta suka kai wani wuri dabam, ba kuma ni ne alƙalinsu ba. Ni dai inda lamirina ya tsaya ke nan.

Ranar da na gaya masa, a bakin wani mai shayi muke. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya ce, "Wato ni ne zunubin." Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce, "To me kake nufi?" Ban sami amsa ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa ba na jin na yi nasara a kan wani abu. Yana wata ƙasa yanzu. Mukan gaisa sau ɗaya a shekara, ranar Kirsimeti.

Sai maganar aure ta taso, kamar yadda dole ta taso. A ƙasar Hausa namiji marar mata ba a gama ƙirga shi cikin mutane ba. Tuzuru ne, gwauro ne, abin tsokanar yara. A Kano har al'ada aka yi ta kamun gwauro a watan azumi, Nalako, sarkin gwauraye, da mutanensa su ɗaure mutum da igiya a zaga gari da shi ana kiɗa. Mu Kirista ba ma ɗaure kowa da igiya, amma tamu igiyar ta fi laushi ne kawai. Ba a ba tuzuru dattijon ikilisiya. In ana taron maza ana maganar gida, sai a ce, "Malam, kai ka bari sai ka girma." Ƙannena biyu suka yi aure a gabana. Inna ta fara da wasa, ta koma roƙo, ta koma kuka.

A 2010 na ba da kai. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ƙungiyar mawaƙa, mai hankali, mai fara'a, muna shiri sosai. Na ce a raina, ai abota ma tushe ce, sauran Ubangiji zai cika. Wani fasto da na ɗan buɗe wa ciki kaɗan ya ƙarfafa ni, ya ce aure magani ne, in na ɗanɗana zan manta. Manya suka je gaisuwa, aka kai kuɗin, aka sa rana bayan girbi. Na sayi akwati uku, Goggo ta cika su da atamfa da leshi. Saura wata biyu, wata rana da yamma na raka ta bakin titi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ka san ba ka taɓa kallona yadda namiji ke kallon mace ba? Da farko na ɗauka tsoron Allah ne." Tana murmushi ta faɗa, amma idonta tambaya yake yi.

Daren nan ban runtsa ba. Na ga rayuwar da nake shirin ba ta: shekara talatin, arba'in, tana kwana kusa da mutumin da ke rufe ido yana dauriya, tana tambayar kanta me ta rasa. Na ga ana so in haɗiye 'yar mutane kamar ƙwayar magani. Bayan kwana uku na same ta a gidan yayarta, na ce ba zan iya ba, kuma laifin ba nata ba ne, akwai abin da ke jikina da aure ba zai gyara ba. Ban faɗi sunan abin ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Da ka bari sai bayan biki, da ban yafe maka ba har abada." Ba ta ce ta yafe ba. Ta tashi ta shiga ciki.

Abin da ya biyo baya, Allah kada ya maimaita. Baba ya yi wata shida bai amsa gaisuwata ba. Dattawa suka kira ni, suka dakatar da ni daga koyar da Makarantar Lahadi na shekara guda saboda na karya alkawari, kuma ban ga laifinsu ba. Gari kuwa ya yanke nasa hukuncin: Malam ba namiji ba ne, ba shi da lafiya. Na ji, na kuma bar maganar haka, don ta fi gaskiyar sauƙin ɗauka. Ka duba lamarin: gara a ce da kai marar ƙarfi da a san kana da ƙarfin amma ka ajiye shi saboda Allah. Inna ta zo Kaduna da wata jarka cike da jiƙon sassaƙe, ta ajiye a bayan ƙofa ba ta dube ni ba, ta ce, "Safe da yamma, rabin kofi." Matar da ta yi shekara talatin tana hana mata zuwa wurin boka. Na sha, don kada ta koma da baƙin ciki. Ɗaci kamar maɗaci.

A watan Yunin 2013 na ci karo da wani labari a waya. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Exodus International, wadda tun 1976 take gaya wa mutane irina cewa za su iya sauyawa, ta rufe kanta. Shugabanta, Alan Chambers, ya fito ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, kuma tun kafin nan ya riga ya amsa cewa kusan duk waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta sauya ba. Na karanta ya fi sau biyar. Wani zai zaci labarin zai karya mini gwiwa. Sauƙi na ji, kamar an sauke mini buhu. Ashe ba ni kaɗai ba ne azumina bai yi aiki ba. Ashe ba ƙarancin bangaskiyata ba ne.

Sauƙin bai daɗe ba. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 a kurkuku ga waɗanda suka yi, shekara 10 ga wanda ya taimaka, ko ya shiga ƙungiyarsu, ko ya nuna irin wannan soyayya a fili. A ɗakin malamai ranar nan Musulmi da Kirista baki ya zo ɗaya, abin da ban taɓa gani ba a garin da aka raba unguwanni saboda addini. Wani ya ce ɗauri ma asarar abinci ne, a ƙone su kawai. Wata malama da nake kai wa yaranta gida a babur ta ce ita da ɗanta ne da hannunta za ta ba shi guba. Ina zaune ina duba takardun jarrabawa, jan biro na rawa a hannuna. Cikin watan nan a Bauchi jama'a suka yi wa kotu ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. Dokar ba ta hana abin da nake yi ba, don ba na yin komai. Amma dutse ba ya tambaya ko kana kwana da wani. Zan faɗi ra'ayina a nan ko da zai ɓata wa wasu rai: na gaskata abin da ikilisiya ke koyarwa game da aure, amma ranar da masu bi suka yi murna da ɗaure mutane da jifansu, ba Yesu suka bi ba. Shi da aka kawo masa mace ana shirin jifa, mun san abin da ya yi.

Shekarar nan ce mafi duhu. Na daina cin abinci sosai, na daina zuwa zumunci, na fara tunanin da ma in kwanta kada in tashi. Abin da ya tsayar da ni wani tsohon fasto ne mai ritaya da ke unguwarmu, wanda ciwon suga ya ci masa ido, nakan je in karanta masa Littafi da yamma. Wata rana ya ce, "Ɗana, muryarka ta mutu. Me ke cinka?" Wataƙila don ba ya ganin fuskata ne na iya. Na faɗa masa duka, da kalmar da komai. Na jira ya janye hannunsa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Shekara nawa kana ɗauke da wannan kai kaɗai?" Na ce ashirin. Ya ce, "Kai, kai, kai. Mun yi maka laifi." Bai yi mini wa'azi ba, bai ce zai yi addu'a abin ya tafi ba. Ya ce in buɗe Ishaya 56 in karanta masa.

Na sha wucewa ta wurin ban lura ba. Annabi yana magana da babanni, mazan da ba za su yi aure su haifu ba, yana cewa kada baban ya ce shi busasshen itace ne, gama waɗanda suka riƙe alkawarin Ubangiji zai ba su suna a cikin gidansa da ya fi na 'ya'ya mata da maza. Daga nan ya sa na koma Matiyu 19, surar nan da ta raba ni da wanda nake ƙauna, ya ce in ci gaba har aya ta 12. A can Yesu ya ce akwai waɗanda aka haifa babanni, akwai waɗanda mutane suka mayar, akwai kuma waɗanda suka mai da kansu haka saboda Mulkin Sama. Baba Fasto ya ce, "Mu Hausawa mun san babanni, tun zamanin Rumfa suna riƙe da sarauta a fadar Kano. Sarki ya san amfaninsu, mu ne a ikilisiya muka manta. Irmiya bai yi aure ba. Bulus bai da mata. Ubangijin da muke wa sujada tuzuru ne ɗan shekara talatin da uku, da a garinmu yake da mun dame shi da maganar aure." Ya yi dariya har da tari. Rabona da dariya ta gaskiya na manta.

Daga baya na gano akwai irina a wasu ƙasashe da suke magana a fili. Wesley Hill a Amurka, malamin tauhidi ne. Sam Allberry, limamin Angilikan daga Ingila, ya tsaya gaban babban taron cocinsu a 2017 ya faɗi halinsa da bakinsa. Ta wurinsu na ji labarin Aelred, wani shugaban 'yan zuhudu a arewacin Ingila da ya rasu a 1167, wanda ya ɗauki abota da nauyin da mu aure kaɗai muke ba wa. Sun taimake ni, ba zan ɓoye ba. Amma wani lokaci in na ga suna ta gardama a kan wace kalma ya dace mutum ya kira kansa da ita, sai in yi murmushi. Gardamar mai ƙoshi ce. A Hausa kalmomin da aka tanadar mini duka zagi ne, kuma kowacce sunan aiki ce, aikin da rabona da shi shekara goma sha takwas. Babu kalmar mutumin da ke jin abin amma ya ajiye. In na ce ni ɗan luwaɗi ne na yi wa kaina ƙarya, in na ce ba ni ba ne na yi wa mai tambaya ƙarya.

Suka kuwa ta kowane gefe tana zuwa. Wanda muka rabu ya taɓa rubuto mini cewa ina kashe kaina a tsaye saboda littafin da aka rubuta shekara dubu biyu da suka wuce, kuma wata rana zan farka tsoho ni kaɗai in yi da-na-sani. Ba na raina maganarsa, don wasu daren nakan ji tsoron ya yi gaskiya. 'Yan'uwa a ikilisiya kuma, da za su sani, da yawansu cewa za su yi tun da sha'awar ba ta tafi ba ai ban tuba ba ke nan. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin ya ishe shi, ba mu kuma ce bai tuba ba. Ni na roƙa ya fi sau dubu uku, amsar dai ita ce.

Mutane suna zaton abin da ya fi wuya shi ne jiki. Jiki yana da wuyarsa, ba na musu. Na san sa'o'in da ba na riƙe waya, na san unguwannin da ba na bi da dare, kuma na yi tuntuɓe da ido da zuciya fiye da yadda zan ƙirga, na tashi na koma wurin Ubangiji. Amma wanda ya fi ciwo shi ne ƙarfe ɗaya na ranar Lahadi. An tashi sujada, kowa ya kwashi iyalinsa, wannan ya ɗora uku a babur, waccan tana kiran yara su zo a tafi. Kai kuma ka koma ɗaki ka buɗe ƙofa, komai yana nan yadda ka bar shi, kofin shayin safe yana kan tebur. Ba wanda zai tambaye ka yaya wa'azi. In ka ga abin dariya a hanya, haka za ka shigo da shi ya mutu a cikinka.

Baba Fasto ne ya ce ba zai yiwu shi kaɗai ya sani ba, shi da ƙafarsa ɗaya ke kabari. Ya matsa mini sai da na gaya wa wani abokina tun na FCS, shi da matarsa. Abokin ya yi kwana biyu bai kira ni ba, na ce shi ke nan. Rana ta uku matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta aiko yaro da kwano da saƙo: tuwon Lahadi a gidansu nake ci daga yau, kuma ba tambayata take yi ba. Daga baya mijin ya ce mini kwana biyun nan yana ta tuna irin maganganun da ya sha yi a gabana ne, kunya ta hana shi ɗaga waya. Yaransu huɗu, maza uku. Ban san ko za a gane nauyin abin da suka yi ba, a ƙasar da ake ɗauka duk mai irin halina maci yara ne: ba su taɓa janye yaro daga kusa da ni ba. Ni nake koya musu lissafi, ni na kai babban makarantar kwana. A 2018 da aka yi mini aikin gaggawa a ciki, ma'aikaciyar asibiti ta tambayi wa zai sa hannu, ina matarsa. Ina jin muryar abokina daga kan gadon turawa yana cewa, "Ni ne ɗan'uwansa, kawo." Matarsa ta kwana huɗu a kan tabarma a barandar asibiti.

Ba zan ce wannan ya maye gurbin komai ba. Ƙarfe tara na dare nakan yi musu sallama, su rufe ƙofarsu, ni in hau babur. Akwai kuma ranakun da nake jin ni kaya ne aka taimaka aka ɗauka.

Inna ta rasu a 2021, shekara biyu bayan Baba. Ban taɓa gaya mata ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ban ga abin da sanin zai ƙara mata ba sai nauyi. Amma a jinyarta ta ƙarshe ni ne a wurin, don 'yan'uwana kowa na da iyali da hidima, ni kuwa tuzuru ba abin da ya riƙe ni. Wata uku ina juya ta, ina ba ta koko da cokali, ina rera mata waƙoƙin Zumunta da muryata marar daɗi. Wani dare ta kama hannuna ta ce, "Ni dai damuwata ɗaya, wa zai yi maka abin da kake yi mini?" Na ce, "Inna, Allah zai tanada." Ta ce, "Haka kuke cewa ku masu karatu." Ta yi shiru har na ɗauka ta yi barci, sai ta ce, "Jarkar nan da na kai maka, ka yafe mini. Na san ba ciwonka ke nan ba." Ban tambaye ta me ta sani ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Tambayarta tana nan, ban da amsarta. Ina zuba adashi, na sayi ɗan fili kusa da na abokina, in Allah ya yarda zan kafa ɗaki biyu kafin ritaya. Har yanzu ba a ba ni dattijo ba, kuma har yanzu duk bikin da na je sai wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce tana da 'yar ƙanwa mai hankali. Ina cin Jibin Ubangiji. Daren 31 ga Disamba ina rubuta takardata kamar kowa, sai dai roƙon ya sauya, yanzu sunayen mutane ne a ciki.

Yaran gidan abokina Baba Malam suke kirana. A rubuce, baban da ya haifa da baban da Ishaya ya yi wa magana haruffansu ɗaya, a baki ne kawai suke rabuwa. Lahadin da ta wuce, auta, 'yar shekara shida, ta zo ta haye cinyata ina cin tuwo, ta ce, "Baba Malam, kai me ya sa ba ka da mata?" Uwarta ta daka mata tsawa daga madafa. Na ce a bar ta. Na ce mata Allah bai ba ni ba. Ta yi tunani, ta ce, "To in ka tsufa wa zai dafa maka abinci?" Na ce ban sani ba. Ta ce ita za ta dafa, amma taliya kaɗai ta iya, kuma sai in na daina ba ta lissafi mai wuya.